Amsar Tambaya: Fish Ya Daina Gane Alamar ^

Tambaya: Malam, na sabunta manhajar fish a kwamfutata, sai tsofaffin umarnina masu alamar ^ suka ƙi aiki. Kuskure ne daga masu manhajar?

Amsa: Ɗan'uwa, da gangan suka cire ta, kuma sun daɗe suna shela. A da, ^ ce ke karkatar da saƙon kuskure zuwa fayil, sai ta riƙa cin karo da umarni irin grep ^abu. Da siga ta 3.0 ta fito a Disambar 2018, aka kawo maɓallin stderr-nocaret don mai so ya fara sabawa da rashinta. Siga ta 3.3 a 2021 ta kunna wa kowa shi, amma da damar kashewa, ta 3.5 a 2022 ta rufe wannan ƙofa. Shekara uku da rabi ai an yi adalci.

Sauya kowace irin wannan ^ da 2> kawai. Tunda za ka buɗe fayilolin saitunan fish don wannan gyara, kar ka cusa komai cikin config.fish, kowane aiki ka ba shi fayil mai sunansa a ~/.config/fish/functions, ƙananan saituna su tafi conf.d. Kafin sabuntawa ta gaba, karanta bayanin canje-canje tukuna.