Darasi: Abincin Kowace Rana da Girman Ikilisiya

Karatu: Ayyukan Manzanni 16:1-5, 17:10-12

Sa'ad da Luka Mai Tsarki yake ba da labarin ikilisiyoyin da Bulus da Timoti suka ziyarta, ya ambaci abubuwa biyu bi da bi. Da fari sun ƙarfafa cikin bangaskiya, sa'an nan yawansu ya riƙa ƙaruwa kowace rana. Sai mu lura da wannan jeri. A sura ta 17 ya nuna mana tushensa: mutanen Biriya suna binciken Littattafai kullum, saboda haka da yawa daga cikinsu suka ba da gaskiya.

Mu ma mun ga ƙaruwa. Tun zuwan limaman Dominikan wannan yanki bayan 1953 muna ƙarƙashin Sakkwato, har Oktoba 2023 da marigayi Paparoma Francis ya kafa Dayosis ɗin Katsina, ya naɗa Gerald Mamman Musa Bishop na farko. Wannan abin godiya ne ƙwarai. Amma ƙidayar masu baftisma ba ta gaya mana ko akwai hatsi cikin rumbun zuciyarsu.

Jarrabawar ta riga ta zo. Ba mu manta daren 11 ga Disamba, 2020 ba, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara. A ƙauyukan Faskari da Sabuwa mutane da yawa sun bar gonakinsu, hanyoyi kuma sun zama abin tsoro. Inda Fada ba ya iya isa kowace Lahadi, me zai riƙe jama'a? Gidan da ba ya jin Maganar Allah sai a Misa, yunwa ce za ta kama shi. Gidan da ya saba karantawa kullum kuwa, ko hijira ya yi, da guzurinsa ya tafi.

Ikilisiya ba ta bar mu cikin duhu ba. Majalisar Vatican ta Biyu, a 1965, ta gargaɗi dukan masu bi su dinga karanta Littafi Mai Tsarki tare da addu'a. An tsara karatun Lahadi bisa shekara uku, na sauran ranaku bisa shekara biyu. Cikakken Littafin kuma yana nan cikin harshenmu tun 1932. Hujja ta ƙare mana.

To, me za mu yi? Kowane gida ya tsai da lokaci ɗaya, ko da asuba kafin a tafi gona, ko bayan tuwon dare. A karanta Bisharar ranar, a yi shiru kaɗan, kowa ya faɗi abin da ya ji, a rufe da addu'ar Ubanmu. Inda iyaye ba su iya karatu ba, ɗan makaranta ya karanta musu. Katikis ya sanar da ayoyin mako tun ranar Lahadi, Zumuntar Mata kuma su taimaki gidajen da ba su da Littafi. Da yayyafi kogi kan cika. Maƙwabci yakan ga haƙuri da gaskiya da gafara a gidanmu tun kafin ya ji wa'azinmu.

Tambayoyi:
1. Yaushe muka yi karatu tare na ƙarshe a gidanmu?
2. Wane gida na masu gudun hijira za mu gayyata wannan mako?

Bari Ubangiji ya kafa mu cikin Maganarsa, ya kuma ba ƙasarmu salama. Amin.