Bugun Zafi: Abin Da Ya Kamata Hakimai Da Malamansu Su Sani

An rubuta wannan takarda domin Hakimai da malamansu, musamman waɗanda talakawansu ke aiki a masana'antun Bompai, da Sharaɗa, da Challawa. Ana roƙon kowane Hakimi ya sa a karanta wa dagatai da masu unguwanni, su kuwa su isar wa jama'a.

1. Mene ne bugun zafi?

Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. In ya hau, gumi ne ke saukar da shi. Amma in zafi ya fi ƙarfin gumi, sai jiki ya kai digiri 40 ko fiye, ƙwaƙwalwa ta rikice, ƙoda da hanta su soma lalacewa. Wannan shi ne bugun zafi, yana kuwa kisa cikin sa'o'i kaɗan.

A Kano an fi jin tsoronsa da bazara, watau daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafin gari yakan wuce digiri 40. Cikin ma'aikata abin ya fi haka, gama ga rufin kwano a sama, ga tukunyar tururi da injuna a ƙasa. Kada a ɗauki abin da wasa. A ran 3 ga Afrilu 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, a Yunin wannan shekara kuma alhazai fiye da 1,300 suka rasu a aikin Hajji, yawancinsu saboda zafi.

2. Yadda za a gane shi

Da fari mutum yakan galabaita, ya ji jiri, da ciwon kai, da tashin zuciya, amma hankalinsa na nan. Irin wannan a kai shi inuwa, a ba shi ruwan gishiri da sukari: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta.

In kuwa ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko faɗa babu dalili, ko jijjiga, ko ya suma, jikinsa kuma ya yi zafi ƙwarai, to, bugun zafi ne. Kada a ce ai yana gumi, saboda haka da sauƙi. Leburan da zafi ya buge a bakin aiki sau da yawa jikinsa sharkaf yake.

3. Abin da za a yi nan take

Ga muhimmin abu cikin wannan takarda duka: a sanyaya shi tukuna, sa'an nan a kai shi asibiti. Likitoci sun tabbatar wanda aka saukar da zafinsa cikin minti 30 na farko shi ya fi samun tsira.

(a) A ɗauke shi zuwa inuwa, a tuɓe masa riga da takalma.

(b) In akwai babban baho, a tsoma shi cikin ruwan sanyi har wuya, wani yana riƙe da kansa. In babu, a kwantar da shi, a yi ta kwara masa ruwan randa, ana yi masa fifita babu tsayawa.

(c) In an sami ƙanƙara, a naɗe ta a tsumma, a sa masa a wuya, da hammata, da matsematsi.

(d) Wanda ya suma a kwantar da shi ta gefe, don kada amai ya shaƙe shi. Kada a ɗura masa kome a baki.

(e) Kada a ba shi farasitamol ko asfirin. Ba su saukar da irin wannan zafi, suna ma iya ƙara wa hanta da ƙoda lahani.

(f) Tun da fari a aiki wani ya nemo mota. A ci gaba da jiƙa shi a hanya. Ko ya farfaɗo, lalle ne likita ya duba shi, a Asibitin Murtala Muhammad, ko na Malam Aminu Kano, ko na Nassarawa, wanda ya fi kusa da Bompai.

Abin lura: bazara ita ce kuma lokacin sanƙarau, wanda ya yi ɓarna ƙwarai a Kano a 1996. Shi da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa suna kama da bugun zafi, likita ne kaɗai zai rarrabe su. Kada a tsaya yin hayaƙi ko neman mai ruƙiyya a kan cewa iska ce.

4. Rigakafi

Sabon ma'aikaci ya fi kowa shiga haɗari, domin jiki yana bukatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya saba da zafi. Saboda haka ɗan cin rani da ya zo jiya kada a ba shi aikin tsohon hannu. Mai aiki cikin zafi ya sha kofin ruwa kowane minti 20, ko bai ji ƙishirwa ba. A mai da dakon kaya masu nauyi da safe ko da yamma, balle a watan azumi. Tsofaffi, da masu ciki, da masu ciwon zuciya ko na sukari, a sa musu ido.

5. Aikin Hakimi da malaminsa

Kafin bazara ta kama, ya kamata Hakimi ya gana da manajojin masana'antun da ke ƙasarsa, ya tambaye su game da ruwan sha, da inuwar hutawa, da wanda aka koya wa taimakon gaggawa a kowane sashe. Malamin Hakimi kuwa ya buɗe littafi, ya riƙa rubuta ranar da abin ya faru, da wurin, da irin aikin da mutumin ke yi, da yadda aka ƙare, a aika wa ofishin lafiya na ƙaramar hukuma kowane ƙarshen wata. Da wannan lissafi ne Hukuma za ta san inda ake bukatar gyara.

Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu ga damina da alheri.