Yadda Ake Shiga Wasan Sulke da Takobi na Turai, Daga Atisaye Zuwa Ranar Gasa

Shawarar da aka fi bai wa sabon shiga wasan buhurt ita ce ya sayi takobi ya fara koyon sara, kuma babu shawarar da ta kai ta ɓata kuɗi da lokaci. Takobi shi ne abu na ƙarshe da za ka buƙata. Kowace ƙungiya tana da tarinsu jingine a bango, za a ara maka. Abin da ba ya aruwa shi ne kwalkwalin da ya zauna daidai a kanka, da ƙafafun da za su ɗauke ka da kilo 30 na ƙarfe ba su yi rawa ba.

Wasan na dakarun Turai ne na tsakiyar zamani, wanda aka farfaɗo da shi a Rasha da maƙwabtanta. An yi gasar duniya ta farko, Battle of the Nations, a 2010 a ganuwar Khotyn ta ƙasar Yukiren, tsakanin Rasha da Yukiren da Belarus da Folan. A 2014 wata hukumar, IMCF, ta yi tata gasar ta farko a fadar Belmonte ta Sifaniya. Yau akwai ƙungiyoyi daga Faransa da Ingila har Amurka da Ajantina da Ostareliya. Makaman na ƙarfe ne, an dakusar da su, amma saran da iyakar ƙarfi ake kai shi. Kada ka haɗa shi da HEMA, masu nazarin tsoffin littattafan takobi da ke sa ragar fuska da rigar kariya mara nauyi, ko SCA, masu faɗa da sandunan kara. Kayansu ba sa wucewa a wajen masu tantance namu, kuma na ga mutane da dama sun yi asara a nan.

Ka nemi ƙungiya mafi kusa da kai, ka je ka yi kallo, ka gaishe da kyaftin. Sai ka kai shekara 18 ake barin ka shiga da ƙarfe. Mata ma suna da nasu rukunin a gasa, kuma duk abin da zan faɗa ya shafe su.

Watannin farko da kayan soso za ka yi su: takobin soso, garkuwar soso, hular kariya. Kada ka raina su. A nan ne za ka gane cewa a karawar ƙungiya, ta mutum 5 da 5 ko 12 da 12, ba a ƙirga sara. Wanda ya faɗi ya fita. Muddin wani sashe na jikinka ban da tafin ƙafafunka biyu ya taɓa ƙasa, gwiwa ce ko hannu, to ka zauna a nan har a gama zagayen. Saboda haka rabin wasan kokawa ce, taɗiya da ture da riƙo a jikin shingen da ke kewaye fage, kuma wanda ya taso yana kokawa a dandali ya shigo da jari. An hana suka da tsinin makami kwata-kwata. An hana dukan ƙeya, da bayan gwiwa, da gaba, da wanda ya riga ya faɗi. Ka haddace waɗannan tun kana riƙe da soso, don hannu abin da ya saba shi yake yi idan numfashi ya ƙare.

A gida, ka kafa turke ka rataya masa tsohuwar tayar mota, ka riƙa dukanta da sanda mai ɗan nauyi. Ka yi gudu, ka yi tsallen kwaɗo, ka hau matakala da jaka a baya.

Sayen kaya daga lifidi yake farawa, wato rigar auduga mai ɗinki da ake sawa a ƙarƙashin ƙarfe, 'yar uwar wadda 'yan lifidin sarki ke sawa a hawan sallah, sai dai wannan ta fi ɗamewa a jiki. Ita za ka fara mallaka, domin duk awon da za ka aika wa maƙeri a kanta ake ɗaukarsa. Wanda ya auna damtsensa tsirara ya aika, ƙarfen zai zo ya ƙi rufuwa. Kada ta yi kauri a hammata da cikin gwiwar hannu, in ba haka ba ba za ka iya ɗaga hannu sama da kafaɗa ba.

Sai kwalkwali, kuma a nan nake so ka zauna ka saurara. Shagunan intanet cike suke da kwalkwali masu sheƙi da araha, na ado ne, ƙarfensu siriri, gatari ɗaya zai lotsa su har ƙoƙon kai. Naka ya zama na ƙarfen da aka gasa aka taurara, kaurinsa a saman kai kada ya gaza milimita 2.5, daga hannun maƙerin da 'yan ƙungiyarku suka riga suka gwada aikinsa. Maƙeran Yukiren da Folan sun yi suna a wannan sana'a. Zai ci maka 'yan ɗaruruwan yuro, kuma za ka jira watanni. Ka jira. Masu cewa ka nemi mara nauyi don wuyanka ya huta ba su taɓa shan gatari mai dogon ƙota a ka ba. Nauyin kwalkwali shi ke shanye dukan kafin ya girgiza ƙwaƙwalwa, shi ya sa ko masu sayen sauran kayansu na titaniyam don sauƙi suke barin kwalkwali na ƙarfe. Wuya kuwa motsa jiki ke gyara shi.

Kwalkwali mai kyau da shimfiɗar banza a ciki bai fi na ado ba. Shimfiɗar nan aikin gammo take yi tsakanin kai da kaya: ta cika ko'ina, goshi da gefe da ƙeya da tsakar ka, ba tare da ta matse ka har jijiyar kai ta riƙa harbawa ba. Ga yadda ake gwadawa. Ka sa shi, ka ɗaure madaurin haɓa, ka sa abokinka ya dafa murfin fuskar da tafin hannunsa ya tura da ƙarfi zuwa fuskarka. Idan ƙarfe ya taɓa hancinka ko haƙoranka, a fage karyewa za su yi. Sannan ya kama kwalkwalin da hannu biyu ya murɗa hagu da dama. Kanka ya kamata ya bi shi. In kwalkwalin ya juya kai ya tsaya, ramin ido zai koma kunnenka a tsakiyar faɗa, ka tsaya makaho mutum biyu na saranka. Daga ƙarshe ya kama ƙasansa ta baya ya ja sama. Wannan gwajin ne aka fi tsallakewa, alhali a kokawar jikin shinge haka ake cire wa mutum kwalkwali ba da gangan ba, kuma da zarar ya fita alƙali zai tsayar da wasa a fitar da kai.

Madaurin haɓa na fata mai kauri ne, mai ɗan ƙoƙo da ke rungume haɓar, wanda ya zame zuwa maƙogwaro kuwa shaƙe ka zai yi. Ka ƙara wani madaurin daga bayan kwalkwali zuwa ƙarfen bayanka. Murfin fuska ya kasance da makulli ko madaurin kansa. Sulken da ke zagaye wuya ya sauka har kafaɗa da shimfiɗa a ƙarƙashinsa, da farantin ƙarfe a ɓoye a kan ƙeya, domin an hana dukan wurin amma makami ba ya karanta doka idan ya zame. Bayan 'yan makonni audugar ciki za ta kwanta saboda gumi, kwalkwalin da ya zauna daram ya fara girgiɗi. Ka sake gwaje-gwajen nan uku duk wata, ka ƙara cushe inda ya saki.

Bayan kai sai hannu. Yatsu ne suka fi karyewa a wasan nan. Ka bar safar ƙarfe mai yatsu rarrabe, kyanta a hoto ne. Ka sayi mai rufe yatsu huɗu a haɗe, kuma ka duba abu ɗaya: idan ka damƙi ƙotar makami, bakin farantin ya sauka ya taɓa ƙotar ta kowane gefe, yadda duka zai bi ƙarfe ya wuce cikin itace, yatsunka na ɓoye a ƙarƙashi. Babban yatsa ya samu nasa rufin har ƙarshensa.

Ƙafa tana da nata sirrin. Kaburburan yaƙin Visby na 1361, a tsibirin Gotland na Suwidin, da aka tono a farkon ƙarni na 20, sun nuna ƙasusuwa masu yawa da sara a ƙwauri, kuma har yau nan masu dogon gatari suke nema. Ƙarfen ƙwauri ya rufe gaba da baya, ya bi siffar sha-raɓarka ya zauna a kanta. Idan ya sauko ya dogara a idon sawu, kafin a gama atisaye ya yanke ka. Na cinya kuma kada ka rataya shi a jikin lifidi, nauyinsa zai koma kafaɗarka. Ka sa a ɗinka maka faffaɗan ɗamara ta fata da ke zama a kan ƙashin ƙugu, ka ɗaure na cinyar a jikinta da igiya. Ka tsuguna ka miƙe: ƙoƙon gwiwa na ƙarfe ya tsaya a kan gwiwarka a duka biyun. In ya sauka, ka rage igiyar da faɗin yatsa ɗaya ka sake. Aikin yini guda ne, kuma shi ke raba wanda ke gudu a fage da wanda ke jan ƙafa.

Na ƙirji, na yawancinmu riga ce mai faranti a jere ta ciki, irin waɗanda aka samu a Visby ɗin nan ko waɗanda suka biyo bayansu. Ka tabbata ta rufe ƙashin baya da haƙarƙari. Kafin ka biya kuɗin ko ɗaya, ka sani masu tantancewa suna son kayanka duka su fito daga zamani ɗaya da yanki ɗaya. Kwalkwalin Jamus na ƙarni na 14 a kan kayan Rasha ba zai wuce ba. Ƙarshen ƙarni na 14 na yammacin Turai ya fi sauƙin haɗawa, kuma shi ya fi yawa a kasuwar na hannu. Jimillar kuɗin takan haura yuro dubu biyu, ba kuma lallai a biya ta a shekara ɗaya ba.

Ranar da ka fara sa cikakken kaya, numfashi ne zai ba ka mamaki. Iskar da ka fitar tana taruwa a cikin kwalkwali, zuciya ta ce ka fizge shi. Ka fitar da numfashi da ƙarfi ta baki zuwa ƙasa, ka ja a hankali. Ka yi tafiya da shi, ka faɗi ka tashi, kafin ka yarda wani ya taɓa ka.

Gasar farko, ka zaɓi ƙarama ta kusa. In jirgi za ka hau, ka raba kayan jaka biyu, don yawancin kamfanoni kilo 23 suke karɓa a jaka ɗaya, ka kuma tambayi dokar ƙasar kan shiga da makami. Ka tafi da ƙusoshin ɗauri, da ƙaramar guduma, da abin huda fata, da igiya mai yawa. Madauri zai tsinke, naka ko na ɗan'uwanka. Za a auna makamanka, a duba bakinsu ya kai kaurin milimita 2 ba tsini ba gatso, don haka ka bi su da zarto tun a gida.

Ka ci abinci da wuri, ka zaga bayi, sannan ka fara shiri daga ƙasa zuwa sama: takalmi, ƙwauri, cinya, ƙirji, hannu, kafaɗa. Kada ka manta da kariyar gaba da robar haƙora. Kwalkwali da safar hannu sai an kira sunan ƙungiyarku. Wanda ya rufe kansa tun da wuri yana jira a rana ya ƙone kafin a fara. Ka riƙa kurɓar ruwa mai ɗan gishiri da sukari tun safe.

A cikin shinge, aikin sabon shiga ɗaya ne: ya tsaya da ƙafarsa. Ka manne wa wanda kyaftin ya haɗa ka da shi, ka riƙe mutum ɗaya daga cikinsu, ka sa shinge a gefenka don kada a zo maka ta baya. Ta siririn ramin ido ba ka ganin gefe, kuma yawancin kaye daga mai gudu yake zuwa, wanda ya zagayo ya bangaje ka kana kallon wani. Ka riƙa juya kai. In ka kayar da mutum kada ka bi shi ƙasa, ka saki ka nemi na gaba. Akan tsayar da zagayen 5 da 5 idan ya rage uku a kan ɗaya, saboda haka kowace daƙiƙa da ka ƙara a tsaye tana hana ƙungiyarku faɗawa wannan lissafin. In kai ka faɗi, ka zauna ka janye hannuwa da ƙafafu jikinka, kada ka buɗe murfin fuska sai alƙali ya saukar da tutarsa ya ce a tsaya.

Idan ka sha duka a ka, ka ji jiri ko tashin zuciya, ko ka kasa tuna yadda zagayen ya ƙare, ka gama na ranar. Ka je wajen ma'aikatan lafiya, ko da 'yan ƙungiya sun ce saura karawa ɗaya. Kyaftin na ƙwarai da kansa zai karɓe kwalkwalinka.

A daren nan, komai gajiya, ka zazzage jakar. Gumi gishiri ne, kafin safiya ya bar tsatsa a ƙarfe. Ka goge kowane yanki da busasshen tsumma ka shafa mai. Ni Ballistol nake amfani da shi, don ba ya cin fata. WD-40 yana korar danshi amma ba ya daɗewa. Inda tsatsa ta fara, ka murza da Scotch-Brite. Lifidi da shimfiɗar kwalkwali ka shanya su a inda iska ke kaɗawa, sannan ka bi ƙusoshi da madaurai ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ka canza duk wanda ya yi sako-sako kafin atisaye na gaba.