Kafin Ka Sayi Tsabar Amurka, Juya Ta Ka Dubi Gefenta

Ƙirar azurfa ce sana'ata, kuma na daɗe ina saye da sayar da tsofaffin tsabar kuɗi. Kwanakin baya wani matashi da ya fara tara sulallan ƙasashe ya kawo mini kwata shida na Amurka, wato masu senti 25, ya ce azurfa aka sayar masa. Ban ko ɗora su a sikeli ba. Na haɗa su tsakanin yatsuna, na juyo masa gefensu, sai ga jan layi ya zagaye kowace ɗaya. Jikinsa ya yi sanyi. Ni ma raina ya ɓaci, don kuɗin da ya biya ba kaɗan ba ne.

Wannan jan layin yana da asali. Har zuwa 1964, kwata da mai senti 10 kashi 90 cikin 100 azurfa ne. Da azurfa ta yi tsada, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar 1965, aka koma buga su falle uku: zallar jan ƙarfe a tsakiya, sama da ƙasa kuma gamin jan ƙarfe kashi 75 da nikel kashi 25. Fuska fara fat, amma a gefe cikin yake leƙowa. Wani lokaci za ka ga layin ya karkata, ya fi kauri ta ɓari ɗaya. Wannan ba aibu ba ne, kuma ba ya ƙara wa tsaba daraja. Lokacin da inji ke huda farantin ne yake janyo ƙarfen sama ya rufe wani sashe.

Sai dai gefe kaɗai bai isa shaida ba, kuma nan ne aka fi cutar sababbin shiga. Mai ha'inci yakan yi wa kwata ruwan azurfa, layin ya ɓace gaba ɗaya. Shi ya sa nake bin gefe da shekara, in bi shekara da sikeli. Kwatar azurfa giram 6.25 ce, mai falle uku 5.67. Mai senti 10 ta azurfa giram 2.5, ɗayar 2.27. Maganaɗisu ba zai raba maka gardama ba, don duka biyun ba ya kama su.

Rabin dala mai hoton Kennedy sai an natsu. Ta 1964 azurfa kashi 90 ce. Daga 1965 zuwa 1970 falle uku ce, amma da azurfa kashi 40, gefenta toka-toka, nauyinta giram 11.5. Masu ita da yawa sukan rabu da ita a banza don an ce musu azurfa ta ƙare a 1964.

Akan kuma samu kwatar da falle ɗaya ya ɓalle tun kafin a buga ta: fuska ɗaya ja, ɗaya fara, nauyin kwatar ya ragu da kusan giram guda. Masu tarawa suna neman irinta.

Don Allah ɗan'uwa, in kana shakka, kada ka goga ta a dutse ko ka sa mata magagari, kada ka wanke ta da lemun tsami ko toka. Tsabar da aka kankare darajarta ta faɗi, ba ta dawowa. Riƙe ta ta gefe, ka kai wa mai sikeli ya auna a gabanka kafin ka biya ko kwabo.