Yadda Ake Noman Tumatir da Leda

'Yan'uwa ɗalibai, mun saba ganin leda a bola da cikin kwata, amma tana da aiki a gona. Masu karatun noma a jami'o'inmu, irin su Ahmadu Bello ta Zariya, shekara 5 suke yi, a ta 4 kuma gona ake tura su su yi aikin da hannunsu. Rufe kunya da leda dabara ce da irin waɗannan ɗalibai ke buƙatar iyawa, mu ma ba ta fi ƙarfinmu ba.

Da farko a yi kunya, a zuba taki, a shimfiɗa siririn tiyo mai ƙananan huji. Sai a rufe da baƙar leda, a danne gefenta da ƙasa. A huda ledar, tazarar santimita 50, a dasa tumatirin da ya yi mako 4 a wurin reno.

Ciyawa ba ta tsirowa saboda hasken rana ba ya kai mata. Laima tana daɗewa, tiyon kuma yana ɗiga ruwa a gindin shuka kawai. A makarantar da sai mun ɗebo ruwa da bokiti, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai da bazara baƙar leda tana dumama ƙasa har saiwa ta wahala, don haka mai fari a sama ta fi. Bayan girbi kuma mu kwashe ledar tas, kada mu ƙona, kada mu bar ta, domin akuya na iya mutuwa in ta haɗiye ta.