Yadda Ake Gane Asalin Wuƙar Gargajiya Da Adana Tarihinta Ta Amfani Da Waya

A ƙasashen arewacin Turai akwai masu tara wuƙaƙen gargajiya kamar yadda wasu ke tara tsofaffin kuɗi. Da sun ɗauki wuƙa, sukan faɗi garin da aka ƙera ta. Wuƙar puukko ta Finland gajeriya ce mai kaifi ɗaya da mariƙin katako. Leuku ta al'ummar Sami ta fi ta faɗi da tsawo, domin ana sare rassan itace da ita. Garin Mora na Suwidin kuwa ya shahara da wuƙa mai jan mariƙi, wadda masana'antarta ta faro tun 1891. Abin da ya sauƙaƙa musu shi ne yawancin maƙeransu na buga suna ko tambari a jikin ƙarfen.

Wuƙaƙen ƙasar Hausa ba kasafai suke da tambari ba. Tarihinsu yana bakin maƙeri da baduku da mai sayarwa, kuma idan suka kau, labarin ya tafi da su. Wannan giɓi ne wayar hannu za ta iya cikewa.

1. A fara da sanin nau'o'in

Barho babbar wuƙa ce, aska ta wanzamai ce, wuƙar fawa ta mahauta. Buzayen Agadas suna da wuƙar da ake saƙalawa a hannu, mariƙinta mai siffar gicciye, kubenta da zoben fata. Aikin tagulla mai zane an fi sanin Nufawan Bida da shi, jar fatar akuya kuma Sakkwato. Gidan adana kayan tarihi da ke titin Ali Akilu a Kaduna wuri ne mai kyau na horar da ido, amma a nemi izini kafin a ɗaga kyamara.

2. Hotuna biyar ga kowace wuƙa

A shimfiɗa ta a kan farar takarda kusa da taga, a kashe filasha domin ƙyallin ƙarfe na ɓoye zane. A ajiye rula a gefe. A ɗauki fuska biyu na ruwan wuƙar, da mariƙi, da kube, da mahaɗar ƙarfe da mariƙi. Idan wayar na da tsarin macro, a nan zai yi amfani. Ƙirar hannu takan bar sawun masaba, kaurin ƙarfen ba ya zama daidai ko'ina. Layuka masu tafiya reras alamar injin wasawa ce. Tsatsa kaɗai ba ta nuna tsufa, domin 'yan kwanaki a cikin damshi sun isa su jawo ta.

3. Google Lens mataimaki ne kawai

Manhajar tana kwatanta hoto ne da waɗanda ke intanet. Za ta gane wuƙar Mora nan take, amma tana iya danganta ta Katsina da wata ƙasa dabam, saboda hotunan namu ba su da yawa. Ta fi amfani wajen tona asirin 'yar kamfani da aka yi wa sabon kube.

4. A naɗi muryar masu sana'ar

A Tsohuwar Panteka, inda masu aikin ƙarfe suke, ko a kasuwar Kurmi ta Kano, tambayoyi huɗu sun wadatar: wa ya ƙera ta, a wane gari, da wane ƙarfe, wa ya ɗinka kuben. Maƙera da yawa a yau da tsohon sifirin mota suke aiki, wannan ma abin rubutawa ne. A ba kowace wuƙa lamba, a haɗa hotuna da murya da farashi a folda ɗaya, a ɗora kwafi a Google Drive.

5. Doka da tsaro

Fitar da kayan tarihi daga Najeriya sai da izinin hukumar NCMM mai kula da gidajen tarihi, saboda haka a yi hattara da mai saye daga waje da ya ɓullo ta Facebook. Yawo da wuƙa a jiki na iya jawo tuhumar sara-suka. A naɗe ta tun daga kasuwa, a kulle ta nesa da yara, a riƙa shafa wa ƙarfen ɗan mai. Hoton da za a wallafa kuma a cire masa bayanin wurin da aka ɗauke shi.