Iyakar Ikon Hukumar Birni a Kan Asusun Fanshon Ma'aikatanta: Nazarin Shari'ar Detroit

Wannan maƙala ta yi nazarin iyakar ikon da hukumar birni take da shi a kan asusun fanshon ma'aikatanta, bisa la'akari da abin da ya auku a birnin Detroit na Jihar Michigan, a Amurka. Birnin yana da asusu biyu: na 'yan sanda da 'yan kwana-kwana, da kuma na sauran ma'aikata. Kundin tsarin mulkin jihar na 1963 ya ɗauki fanshon da ma'aikaci ya riga ya tara a matsayin yarjejeniyar da ba a tauye ta.

A watan Maris na 2013, Gwamna Rick Snyder ya naɗa Kevyn Orr kantoman birnin, lamarin da ya raba magajin gari da kansiloli da ikonsu a kan kuɗi. A ranar 18 ga Yuli, birnin ya shigar da buƙatar ayyana karayar arziki a kotun tarayya, da bashin kimanin dala biliyan 18.

A watan Disamba, Mai Shari'a Steven Rhodes ya yanke hukuncin cewa ana iya rage fanshon. Hujjarsa ita ce abin lura a nan: tun da kundin ya kira fansho yarjejeniya, dokar tarayya kuwa ta halatta warware yarjejeniya idan an karye, kalmar da aka sanya domin kare 'yan fansho ita ce ta ba da damar taɓa haƙƙinsu.

A sulhun 2014, an zaftare kashi 4.5 cikin ɗari na fanshon sauran ma'aikata, aka soke musu ƙarin tsadar rayuwa na shekara-shekara. 'Yan sanda da 'yan kwana-kwana kuwa, ƙarin kaɗai aka rage musu.